Marin da Na Rama a Gaban Matan Zumunta

Har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai, kuma na san wanda ya jawo min. Wani malamin wasan kwaikwayo ne da matasan cocinmu a Kafanchan suka gayyato daga Jos, wai ya koya mana sana'ar kafin bikin godiyar kaka. Siriri ne, hula a karkace, bakinsa ba ya hutawa.

Dokokinsa biyu ne. Ta farko, babu ƙarya a wasa: in kuka ne a yi na gaske, in mari ne a yi na gaske. Ta biyu, ko rufin coci ya rufto, ɗan wasa ba ya tsayawa sai an kai ƙarshe.

Wasan na wani mashayin burkutu ne da matarsa. Shi ya ɗauki mijin, ni aka ba ni matar. Duk ranar gwaji sai ya zabga min mari, tas! Sannan ya juya ga sauran: "Kun ga hawayen nan? Wannan shi ne wasa." Su suna tafi, ni kaina na juyawa. Da na ce masa, "Malam, kunnena yana ƙara," sai ya ce in ba zan iya ba, akwai wata 'yar Zonkwa da ke jiran gurbina. Na haɗiye. Amma Allah ya gani, ban yafe ba.

Ranar biki coci ya cika maƙil, doya da citta jibge a gaban bagadi, matan zumunta a layin gaba da zannuwa iri ɗaya, mamata a cikinsu. Malamin ya shigo yana tangaɗi, ya sauke min marinsa kamar kullum. A tsarin wasan, nan zan durƙusa in roƙe shi. Durƙusa wa wa? Hannun nan da ya girma yana tonon citta a gonar babana, shi na ware na ɗora masa a kumatu. Hular ta yi nata wuri.

Kai, guɗa ta tashi! Wata tsohuwa ta miƙe tana cewa, "Ƙara masa, 'yata!" Na ga idonsa ya yi ja, yana neman tsayar da wasan. Na matso kusa na raɗa masa, "Malam, doka ta biyu."

Dole ya ci gaba. A ƙarshen wasan mijin ne yake tuba, ya durƙusa a gaban matarsa. Na bar shi a ƙasa kan siminti, na ƙi ɗaga shi sai da ya nemi gafara har mutanen baya suka ji. Daɗin da na ji ranar, ban taɓa jin irinsa ba.

Yanzu ni nake koya wa yaran cocin wasa. Nakan nuna musu yadda hannu zai wuce kusa da fuska, wanda ake mari ya juya kai, wani ya tafa a ɓoye. Masu kallo ba sa ganewa. In wani ya tambaye ni ko na gaske bai fi kyau ba, sai in ce ya zagayo ta dama ya maimaita, wannan kunnen ba ya ji.