Kada Ka Mutu a Can

Ranar da na gaya wa Inna na samu aikin tafinta na lokacin sanyi a wani garin kan duwatsu a Jojiya, a shagon da ke ba Larabawa hayar allon zamiya a kan ƙanƙara, ba ta tambayi abin da zan ci ba, ba ta tambayi inda zan kwana ba.

"Ya waladi, ɗana," ta ce, "kakanka da ƙafa ya taho daga Kano don a binne shi a Baƙi'a, maƙabartar Madina. Kai kuma jirgi za ka hau, ka je ka nemi ajali a kan katako?"

Mu mutanen Madina mutuwa ba ta cika ba mu tsoro ba. Abin tsoron shi ne ta riske mu a waje. Inna ko biki aka yi a nan kusa, a garin Yanbu, ba ta kwana, kada tari ya sarƙe ta a garin mutane, wahalar kakanni ta tashi a banza.

Na dai tafi. Ranar farko na hau allon sanye da farwa, bargon rigar nan da muke sawa idan sanyin Ƙuba ya ɗan taɓa mu. Iska ta cika ta, na gangaro kamar buhun shinkafa ya faɗo daga mota. Haka na yi ta shan ƙasa har gwiwoyina suka koyi abin, na fara saukowa daga kan dutse ina ihu ni kaɗai don daɗi. Wallahi na so garin nan.

Inna kuwa kullum sai ta kira, kuma ba ta taɓa cewa yaya sanyi ba. "In ka ji jikinka wani iri, kada ka tsaya ganin likita, hau jirgi tukuna." Ƙanwata ta tsegunta mini cewa har maƙwabta ta tara, suka yi ta muhawara kan ko gawar da aka kawo a jirgi tana samun cikakken lada. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina nan da raina, ana shawarar jigilata.

Sanyi na dab da ƙarewa na yi karo da bishiya, cinyata ta karye. Tagar ɗakin da aka kwantar da ni a asibiti tana kallon maƙabartar garin, ƙanƙara ta rufe komai sai kawunan duwatsun kaburbura. Ni da nake yi wa Inna dariya, sai ga ni ina zufa a cikin wannan sanyi. Likita ya ce in ƙara hutawa. Na ce masa a garinmu ake hutawa, ya sallame ni.

Da aka shigo da ni gida a kan keken marasa lafiya, Inna na tsaye a bakin ƙofa. Ta shafa ɗaurin ƙafar, ta shafa kaina, hawaye na zubo mata.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Halas, shi ke nan. Yanzu kam, in ka ga dama ka mutu."