Kumbon Ɗauko Senakpon

Vignon Ahouansou ya yi rabin rayuwarsa yana auna filayen mutane a Porto-Novo, bai taɓa mallakar nasa ba. Safiyo ne. Idan ka gan shi da safe ya ɗaure na'urarsa a bayan babur, to wasu 'yan'uwa ne suka saɓa a kan iyakar gidan gado, aka kira shi ya raba gardama. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya kafa turke sai ya auna ya sake aunawa. Masu gaggawa ba sa son aiki da shi, masu tsoron kotu kuwa ba sa neman kowa sai shi.

Ƙaninsa Senakpon sana'arsa sa tayil, kuma halinsu ya yi hannun riga. Shi yakan fara aiki tun mai gida bai gama faɗin abin da yake so ba, in ya kai bango ya ga tayil bai cika ba sai ya yi dariya ya ce bangon ne a karkace. Duk da haka aikinsa na yin kyau, abin da ya fi ba Vignon haushi ke nan.

Senakpon ne ya ja shi zuwa bayan shagon Tanti Akouavi, mai sayar da agidi da soyayyen kifi a unguwar Ouando. A nan wasu mutane ke haɗuwa kowace Lahadi bayan an taso daga coci, su kewaye kwamfuta ɗaya suna wasan harba kumbo. Kai za ka haɗa kumbonka da hannunka, tanki kan tanki, ka sa inji, ka zuba mai, ka ɗora ɗan sama jannati. Duniyoyin wasan ƙirƙira ne, amma lissafinsu na gaske ne. In manka ya gaza, ya gaza.

Suna da ƙa'idojinsu. Duniyar wasan guda ɗaya ce tak, tana cikin ɗan filashi da ke zagawa hannu-hannu, kowa da makonsa. Kowa yana da ɗan sama jannati mai sunansa, wanda iskarsa da abincinsa ke raguwa muddin agogon wasan na tafiya. Wanda filashi ke hannunsa ba a sa masa baki sai ya tambaya. Babbar ƙa'idar kuwa ita ce ba a komawa baya. Wasan ya ba da damar mutum ya mayar da agogo ya gyara kuskurensa, su suka haramta wa kansu. Codjovi, direban motar asibiti wanda suke kira Kaftin, yakan ce mai mayar da agogo ya je ya yi wasan 'yar tsana.

Ranar farko aka ba Vignon aiki mai sauƙi: ya cimma wani kumbo da ke gabansa a falaki ɗaya. Ya saita hanci, ya ba da wuta. Kumbon gaban ya ƙara nisa. Ya ƙara wuta, ya ƙara nisa.

"Fofo, taka birki," in ji Mahuna, malamar kimiyya a wata sakandare, bayan ya juyo ya dube ta. Fofo, wato yaya, haka ƙaninsa ke kiransa, kowa ya ɗauka.

"In taka birki in cimma wanda ya riga ni?"

"Ka taka dai."

Senakpon yana cin kifi yana dariya har da ƙwarewa. "Ku bar shi, yana neman inda zai kafa turke ne."

Vignon ya rage gudu. Kumbonsa ya sauko ƙasa-ƙasa, da'irarsa ta tsuke, sai ga shi yana cin tazarar a hankali. Ya yi mako guda abin yana masa yawo a kai, har ya zana shi a ƙasa da tsinke a filin wani mutum, ya gane dalili. Daga ranar bai sake fashin Lahadi ba. Ya zama mai lissafin ƙungiyar. Kafin a harba komai sai an kawo masa ya faɗi man da za a sha a tafiya da wanda za a sha a dawowa, kuma maganarsa ba ta faɗuwa.

Senakpon kaɗai ne ba ya kawo masa. Shi ido yake bi da zuciya. A makon da zai tafi Libreville, inda wani ɗan kwangila ya kira shi aikin gini, filashi na hannunsa. Ya ɗora ɗan sama jannatinsa a wani kumbo mai kama da tulu, ya cilla shi can wani watan ƙanƙara da ke kewaya wata babbar duniya mai launin kore, inda babu wanda ya taɓa kaiwa a cikinsu. Ya kai kuwa. Ya shiga falakin watan da ɗigon mai na ƙarshe, inji ya mutu.

"Na iso!" ya ce, ya ɗaga hannu biyu.

"Da me za ka dawo, ɗan banza?" Kaftin ya tambaya.

"Ina da yaya. Fofo, ka zo ka ɗauke ni."

"Ka zauna can har ka koyi tarawa da ɗebewa," in ji Vignon.

"Abinci na nan jingim, na cika tulun. Kada dai ka bari in rame."

Haka abin ya zama wasa tsakaninsu. Duk kiran waya daga Libreville da shi ake rufewa. Fofo, sanyi ake a nan sama, yaushe za ka zo? Vignon ya ce sai ya ga hali ya gyaru. Ya san sarai lokacin da duniyoyin za su daidaita a iya tafiya, ya bar dama ta farko ta wuce da gangan, don ya lissafa ya ga abincin zai kai ta biyu.

Zazzaɓi ne ya kashe Senakpon, cikin damina, a ɗakin haya. Abokan aikinsa mutanen wata ƙasa ne. Sun yi masa sutura, sun binne shi da mutunci tun labari bai iso gida ba. Abin da ba su sani ba shi ne, a al'adar su Senakpon wanda ya mutu a nesa akan yanko gashinsa da farcensa a kawo gida a binne a ƙasar kakanninsa. Ba wanda ya yanko. Dangi suka taru, aka yi kiɗa, aka ɗinka anko, aka zuba giyar sodabi a ƙasa, amma babu abin da aka sa a rami. Tsohuwarsu ta kama hannun Vignon ta ce, "Ko farce ɗaya?"

Ƙungiyar ta daina buɗe duniyar. Suna haɗuwa, su ci agidi, su yi gardamar ko kumbo mai hawa uku ya fi mai hawa biyu, filashi na cikin gwangwanin Tanti Akouavi. Kowa ya san da zarar an buɗe agogo zai ci gaba, kuma abincin da ke cikin tulun nan ba zai wuce tafiya ɗaya ba.

Bayan an share makoki Vignon ya zo ya miƙa hannu. Tanti ta buɗe gwangwani ta ba shi filashin.

"Kada wanda ya tambaye ni mako nawa," ya ce.

"Wa zai tambaye ka?" in ji Mahuna.

A gida ya yi aikin. Yakan dawo daga awo da la'asar, ya watsa ruwa, ya zauna. Tafiyar na da nisa, don haka kowane abu mai nauyi sai da ya kare kansa kafin a bar shi a kumbon. Ya cire fitilu, ya cire tsani, ya bar kujeru biyu. Ya auna iska da abinci na mutum ɗaya a zuwa, na mutum biyu a dawowa. Ya auna mai daidai wa daida, da 'yar rara kaɗan. A kujerar tuƙi ya sa ɗan sama jannati mai sunansa.

Abu ɗaya ne bai yi ba. Bai taɓa danna kumbon Senakpon ya duba ba. In ka danna, fuskar ɗan mutumin takan fito a kusurwar allo, da manyan idanu da murmushin da ba ya gushewa, sunansa a ƙasa. Vignon ya san tsayin falakin tun ranar da aka shige shi, ya riƙe shi a ka, ya ga ba ya bukatar ƙari. Kowane mai hankali ta gabas yake kewaya wata, yadda watan kansa ke juyawa. Ta gabas ya lissafa.

Ya harba, ya yi doguwar tafiyar, ya shiga falakin watan ƙanƙara, ya sauko daidai tsayin da ya sani. Sannan ya tsayar da wasan. Haɗuwar ya ajiye wa Lahadi, a gaban kowa.

Ranar Tanti Akouavi ta rufe shago da wuri. Kaftin ya zo da rigar ankon makokin. Vignon ya sa filashi, ya buɗe, ya danna kumbon ƙaninsa a karon farko don ya saita shi.

Mahuna ce ta fara gani. Ta sa hannu a baki, ƙa'ida ta hana ta magana.

Wani ɗigon haske ya taso daga bayan watan, ta gaba, ba ta inda ake tsammaninsa ba. Kafin a ƙifta ido ya wuce fiu, kamar an harba dutse. Suka yi rabin zagaye, ya sake tasowa ta gaba, ya sake wucewa.

"Ta yamma yake tafiya," Vignon ya faɗa a hankali.

Kaftin ya yi wata dariya da ta karye a tsakiya. "Kai, Senakpon! Har a sama ma a baibai kake tuƙi?" Ya juya ya fuskanci bango.

Tsayinsu ɗaya, hanyarsu ɗaya, amma kowa ya nufi inda ɗan'uwansa ya fito. Duk zagaye za su gamu sau biyu, da gudun da in sun taɓa juna ko ƙusa ba za a tsinta ba.

"Malama," in ji Vignon, "na tambaya."

Mahuna ta ja kujera. Ta ce juyawa a nan ƙasa ba ta yiwuwa, sai an kashe gudun duka a sake tayar da shi. Amma in ya miƙa da'irarsa can nesa, a ƙololuwa kumbo kusan tsayawa yake, kamar dutsen da aka jefa sama kafin ya fara faɗowa. A wurin ɗan turi kaɗan ya isa ya juya shi.

"Na sani. Hawa da saukowa fa?"

Ya ɗauki biro ya yi lissafin a kan takardar da aka naɗo kifi, ya tura mata. Ta bi shi layi-layi tana neman kuskure, ba ta samu ba. Man hawa da juyawa da saukowa daga na komawa gida za a cire shi. In ya je wurin Senakpon, babu mai dawowa. Kafin duniyoyin su sake daidaita a turo wani kumbo, abincin mutum biyu ya ƙare. In kuma ya haƙura ya juya yanzu, ɗan sama jannatinsa zai iso gida lafiya da kujera ɗaya ba kowa.

Kaftin ya dawo ya tsuguna kusa da shi. "Fofo, ji nan. Wasan yana ajiye bayansa da kansa. Mu koma kafin ka shigo watan, ka bi ta ɗaya gefen, shi ke nan. Ni da nake zagin masu yi, ni na ce a yi. Wa zai sani?"

"Mu yarda duka," in ji Mahuna. "Sau ɗaya."

"Ku yi mana, 'ya'yan nan," Tanti ta ce daga bakin ƙofa. "Ba wasa ba ne?"

Vignon ya dubi allon. Ɗigon ya sake wucewa.

"In na mayar, har ina zan mayar?" ya ce. "Akwai dama ta farko da na bari ta wuce. Ita ma in koma mata? Yana raye a lokacin."

Kaftin ya tashi daga tsugune ya ja baya.

Ya juya hancin kumbon ya ba da wuta. Da'irar ta miƙe, watan ya ƙanƙance har ya zama kamar ƙwayar gero. A ƙololuwa ya yi ɗan turin, layin da ke allo ya kife. Ya sauko, ya ci birki, alamar mai tana zurarewa ƙasa. Wannan karon ɗigon bai wuce ba. Yana gaba kaɗan, yana tafiya inda suke tafiya. Vignon ya bi shi a hankali har tulun ya cika allo, da ɓarin fenti da eriya a karkace yadda mai shi ya manna ta.

Da yake babu tsani, sai da ya fito da ɗan sama jannatin Senakpon ya tuƙo shi a fili, ya kama bakin ƙofa da kyar. Fuska biyu suka fito a kusurwar allo, suna kallon gaba.

"Ya rame?" Tanti ta tambaya, tana share ido da gefen zani.

"Bai rame ba, Tanti."

Vignon ya tsayar da agogo a nan, ya cire filashin, ya tambaya ko akwai mai bukatarsa. Babu.

Ƙungiyar ta buɗe sabuwar duniya a mako na gaba. Vignon yana zuwa har yanzu, gashinsa ya yi fari, ya koma sa tabarau. Ana kawo masa kumbo ya faɗi man da zai sha, sababbin shiga suna jin tsoron bironsa. Tun ranar farko, da aka zo rubuta sunayen 'yan sama jannati na sabuwar duniyar, Mahuna ta ɗago ta dube shi, ya girgiza kai, ta wuce zuwa na gaba.