Fankar Motar Kakana

Shekarun baya, lokacin ina ajin farko na kwaleji a Tasawa, kakana yana da wata tsohuwar mota da ta girmi babana. Ita ya yi ta jigilar ƴan kasuwa da ita tsakanin Tasawa da Mayahi, har idonsa ya raunana, ƴaƴansa suka hana shi tuƙi. Sai ta zauna ƙarƙashin bishiyar bedi a ƙofar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Amma tana da aiki ɗaya da ba ta daina ba. Duk safiyar sanyi, kaka zai fito yana ɗingishi, ya tayar da injin, ya murɗa wani ɗan maɓalli, iska mai ɗumi ta riƙa busa masa gwiwoyi. Ni kuwa in zauna gefensa da kwanon kununa.

"Kai ɓarawon matata, rufe ƙofa, kana fitar mini da zafi!"

"Tsoho, matar da ta ce ni take so? Kai sai ka auri motar."

Wata safiya fankar da ke turo iskar ta yi wani ihu kamar an taka wutsiyar akuya, har maƙwabta suka leƙo. Daga nan ta yi shiru. Baffana, yayan babana, dama ya daɗe yana cewa motar isansi, wato fetur, kawai take sha a banza, ga masu sayen tsofaffin ƙarafa suna ta zagaye unguwa. Ya tsaya ya ce, "Baba, ita ma ta gaji. A bar ta ta tafi."

Kaka ya ce, "In ta daina ɗumama ni, ku ɗauka. Amma sai an gwada gyara."

Ni na ɗauki maganar a kaina. Ranar kasuwar Mayahi na bi abokina mai kabu-kabu, muka shiga wajen masu kayan mota na hannu. Na tona tsibin ƙarfen da ya kai tsawon masallaci, na fito baƙi ƙirin, ko mahaifiyata da ta gan ni sai ta tambayi ɗan wane ne. Amma na samo fanka irinta sak. Mai kayan ya jona ta da batir, ta juya tana fuuu. Na rungumo ta a kan babur kamar jariri.

Muka tara yaran unguwa muka tura motar zuwa garejin makanikinmu. Na ba shi fankar, na ce a sa, na wuce lakwal, wato makaranta, ina jin babu gwarzo irina a duk jihar Maradi. Da yamma ya maido mana da motar ƙofar gida.

Washegari da safe na tashi kowa a gidan. Kaka ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya shiga ya zauna, ya tayar da injin, ya murɗa maɓallin. Iska ta taso da ƙarfin da ba mu taɓa gani ba, har hularsa ta karkace. Sai dai mai sanyi ce ƙalau, kamar daga bakin randa.

Matan gida suka fashe da dariya. Baffa ya fi kowa, har da riƙe ciki.

"Ku bari injin ya yi zafi," in ji kaka.

Injin ya yi zafi har ba a iya taɓa murfinsa. Iskar tana nan yadda take. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, shi yana zaune, hannuwansa a kan gwiwoyi, yana jira. Ni ne na miƙa hannu na kashe.

Muka tafi gareji, yana dafe da kafaɗata. Makanikin ya taso da fara'a.

"Baba, an tashi lahiya? Ka ga aiki ko? Iska kamar jirgi!"

"Ina zafin?"

"Zafi? Ai na raba ka da shi. Na ga robobin ruwan zafi biyu sun shiga cikin mota, na yanke su na haɗe. Ƙaramin radiyatan nan na ciki ma na cire. Duk motar da ta zo daga Turai haka muke mata. Su ƙanƙara ke zuba musu. Mu nan wa ke neman zafi a Tasawa?"

Na ce, "To mayar da shi!"

"Kai yaro, maƙera sun kwashe tarkace tun jiya da la'asar. Yanzu haka wataƙila ya zama ludayi." Ya juya wajen kaka. "Wallahi alheri na yi maka, Baba."

Kaka ya dube shi ya daɗe, ya ce, "Na gode." Muka koma gida.

Na sake komawa Mayahi neman ƙaramin radiyata, na je har Gidan Amumune. Ko'ina dariya ake mini, don duk tsohuwar motar da ta rage a ƙasar nan an riga an yi mata wannan alherin. Kafin sanyi ya fita, baffa ya kawo masu ƙarafa. Kaka da kansa ya miƙa makulli, don ya ce maganarsa ɗaya ce. Yanzu kaskon garwashi ake ajiye masa a zaure, hayaƙin na sa shi tari.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne babu mugu a labarin nan da zan zaga in huce. Makanikin ya san aikinsa. Kawai bai ga dalilin tambayar tsoho abin da yake so a cikin motarsa ba, kuma a gidanmu ma babu wanda ya ga laifin hakan.

Har gobe in na wuce garejin sai ya ɗaga mini hannu. "Ɗan kaka, ya fankarmu?"

Nakan ce tana aiki. Ba ƙarya nake ba. Baffa ya cire ta kafin a ja motar, tana shagonsa jone da batir, tana busa masa fuska duk bazara.