Gardi Rabo da Shanun Bango

Ranar Litinin, 14 ga Maris 1960, Rabo ya fara shigowa burona a gidan kaso, inda nake rubuta sunayen fursunoni. Sabon gardi ne, mutumin Gidan Sori, ɗan masu zanen ƙwarya. Aka ba shi ɗakin samari tara.

Cikinsu akwai Mumuni, ɗan Fulani mai shekara goma sha biyar, daga gefen garin Cadawa. Shanunsu sun faɗa gona, aka yi faɗa, ya fasa wa manomi kai. Tun da aka kulle shi bakinsa ya mutu, tuwo ma sai an ɗura masa.

Wata safiya Rabo ya ɗebo gawayi daga madafa, ya zana saniya a bango, da gangan ya karkace mata ƙaho.

"Ga saniyarku, ɗan Fulani."

Mumuni ya daɗe yana kallo. "Baba, wannan ai jaka ce."

Maganarsa ta farko ke nan cikin kwana arba'in da ɗaya. Ya karɓe gawayin. Kafin damina bango ya cika da shanu ashirin da shida, kowace da sunanta da tsagar kunnenta. Kullum da safe sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kiran suna, kamar yadda ake yi a ruga, sannan ya ci abinci. Sauran samarin ma suka kama zane, dambe ya ragu.

Ana saura mako guda bikin 'yancin kai na ranar 3 ga Agusta, umarni ya zo a shafe kowane bango da farar ƙasa, manya za su zagayo. Rabo ya durƙusa gaban shugaban gidan.

"Ranka ya daɗe, a bar bango ɗaya. Yaron nan da su yake rayuwa."

"Gardi ne kai ko makiyayi? Wanda ya ɓata shi zai gyara."

Mumuni da hannunsa ya shafe su, Rabo na riƙe masa bokiti. Manyan ba su ko leƙo ɗakin ba.

Daga ranar Mumuni bai sake taɓa tuwo ba. Ya rasu 29 ga Agusta. Rabo ya ajiye kakinsa washegari, ya koma Gidan Sori yana noman gero. Har ya rasu a 1974 ba a ƙara ganin ya zana ko ƙwarya ba.