Kujerar Yazan a Tasin Abu Rawan

Abu Rawan ya tsufa a bayan sitiyarin tasinsa mai ruwan ɗorawa a nan garin Zarƙa. Ni kuwa ina sayar da gahawa a bakin layinsu, kuma ni ne kusan mutum na ƙarshe da yake hira da shi tun rasuwar matarsa. 'Yarsa guda ce, Rawan, aure ya kai ta Jamus. Mutum ne mai taurin kai, wallahi, amma kaɗaicinsa yana ba ni tausayi.

Da Rawan ta haihu, ta ce za ta kawo masa jikansa Yazan, amma da sharaɗi: in babu kujerar yara a motarsa, ɗaurarriya yadda ya kamata, motar haya za su ɗauka daga filin jirgi, kuma yaron ba zai taɓa shiga tasinsa ba. Mu nan a cinya muke riƙe 'ya'yanmu. Rawan ɗin kanta a cinyarsa ta fara taɓa sitiyari.

Ya sayo kujerar, ya ɗaure ta a gaba, kusa da direba, tana kallon titi. A wajenmu namiji gaba yake zama a tasi, ya yi hira da direba. Ka zauna a baya, ka mai da mutum yaronka ke nan.

Ya kira Rawan a waya ta bidiyo ya nuna mata, ina tsaye.

"Baba! Me zan gani haka? A gaba?"

"To ina zan sa shi? Jikana namiji ne, ba baƙuwa ba."

"Baba, jakar iskar nan ta gaba in ta fashe, ita za ta kashe shi. Baya za ka kai ta, kuma ta juya wa titi baya."

"Ya ba ni baya? A motata?"

"Wuyansa bai yi ƙwari ba, Baba. Ko haka, ko motar haya."

Ya kashe wayar. Na ce, "Tsoho, an kore ka daga fada." Ya ce, "Rufe min baki, mai gahawar ruwa-ruwa."

Washegari na same shi ya dasa gwiwa cikin kujerar a baya, yana jan bel yana haki. Ya girgiza ta, ta motsa, ya kwance ya sake. Sai da ta tsaya kyam kamar an haife ta da motar. Ya sayi kankana ya ɗaure a ciki, yana zagaya gari yana taka birki a hankali. Direbobi suka yi ta tsokanarsa: "Abu Rawan, yaya mai jego?" Bai kula su ba.

Ranan nan Rawan da Yazan suka iso. Rawan ta kama kujerar ta jijjiga, ta sa yaron, ta ja igiyoyin kafaɗa har ba abin da yatsa zai tsunkulo. Ta sumbaci hannun ubanta, ta shiga baya kusa da ɗanta. Kujerar gaba, inda uwar Rawan take zama kafin ta rasu, ta zauna wayam.

Kwanakin nan ya kai su ko'ina: dangin miji, asibiti, kasuwa. Yana tuƙi yana magana shi kaɗai: "Abokina, ga masallacinmu. Ga inda kakarka take sayen burodi." In ya ɗaga ido ga madubi, ƙeyar kujera kawai yake gani.

Ranar komawarsu ina bakin layi. Motar ta wuce ni, sai ga fuskar Yazan ta gilashin baya, yana kallon layinmu har suka sha kwana.

Da la'asar Abu Rawan ya dawo shi kaɗai. Kujerar Yazan tana nan, har yau ma tana nan. Fasinjoji suna ƙorafin matsi, ya ce wanda bai gamsu ba ya sauka. Na zuba masa gahawa, ya riƙe kofin bai sha ba.

"Kai kana bayanmu da muka tashi," in ji shi. "Ka ga fuskarsa?"

"Na gani."

"To faɗa min. Da nake masa magana, yana dariya?"