Magina Biyu a Ɗakin Kaburburan Sarakuna

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na sauke Malam Labbo daga motar ofis a ƙofar fadar wani gari na ƙasar Tsafe. Ba zan faɗi sunan garin ba, don 'ya'yan mutanen da zan ba ku labarinsu suna nan da ransu. Ƙarshen rani ne na 1998, jiharmu ba ta cika shekara biyu ba, ofishinmu na Gusau kuwa ɗaki biyu ne da tsohuwar mota ɗaya. Ni a lokacin ƙaramin jami'in kula da kayan tarihi ne, ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba.

A bayan fadar garin akwai wani ɗakin ƙasa inda aka binne sarakuna uku, har da wanda ya kafa garin. Rufin ya tsage, itacen ciki ya fara ruɓewa. Hakimi ya kawo kuka, Darakta ya amince a gyara, ya ɗora ni a kan aikin. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ku sani, ƙa'idarmu a irin wannan gini ita ce ba siminti ba kwano. Da abin da aka gina shi ake gyara shi: jar ƙasa, azarar giginya, da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafe gini da shi don kada ruwan sama ya ci shi. Rufin kuma a kan bakan gizo biyu yake tsaye, wato ginshiƙai masu lanƙwasa kamar baka, ɗaya daga gabas zuwa yamma, ɗaya daga kudu zuwa arewa, su haɗu a tsakiya.

Darakta da kansa ya zaɓi Malam Labbo, wani magini mazaunin Furfuri ta ƙasar Bungudu, don ya ga wani soro da ya gyara a Bungudu ya burge shi. Ya ce mini, "Ka je ka ɗauko shi, ba mai iya wannan aiki sai shi."

Muna sauka na ga wani dattijo gajere a bakin zaure, ya dogara da sanda. Wannan shi ne Mu'azu, Sarkin Maginan garin. Ya dubi Labbo tun daga hula har takalmi.

"Labbo, ashe kai ne gwanin da gwamnati ta aiko muna?"

"Ni ne, Mu'azu."

"Sarkin Magina aka ce mani a garin ga."

"Na ji an ce."

Iyakar gaisuwarsu ke nan. Da na shiga wurin Hakimi, shi ya warware mini. Mahaifin Mu'azu, tsohon Sarkin Magina, shi ya yi wa ɗakin gyara na ƙarshe, kuma shi ya koya wa su biyun gini. Labbo maraya ne da ya tashi a gidan, hannunsa ya fi na kowa kyau, har tsohon yakan faɗa a gaban mutane. Da tsohon ya rasu, sarauta ta bi jini, aka naɗa Mu'azu. Labbo ya ɗaure kayansa ya bar garin, bai sake takowa ba sai ranar. Ɗaya yana jin an hana shi rawanin da ya cancanta, ɗaya yana jin an ƙwace masa yabon ubansa tun yana yaro.

Washegari na zo fara aiki, na tarar ba lebura ko ɗaya. Duk maginan garin yaran Mu'azu ne, ya ce kowa ya zauna gida. Shi kuma ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗakin kaburburan.

"Malam Sani," ya ce mini, "ban da rigima da kai. Amma hannun Baba na bisa rufin ga. In za a sauke shi, ɗansa ka sauke shi."

Na koma Gusau na gaya wa Darakta. Ya ce, "Ni ban san wani Sarkin Magina ba. Ka tabbata an rufe ɗakin nan kafin ruwa ya sauka. In ba haka ba, kai zan tambaya."

Hakimi ne ya samo mafita. Ya ce tunda bakan gizo biyu ne, kowa ya ɗauki ɗaya: Mu'azu gabas da yamma, Labbo kudu da arewa, a raba musu yaran aiki. Aka sauke tsohon rufi, muka lulluɓe kaburburan da katako da zana, aka fara.

Ban taɓa ganin aiki mai kyau da ɗaci irin wannan ba. Suna ɗaki ɗaya, amma ba sa magana da juna, ni ne ɗan aike. Mu'azu ya ce, "Hwaɗa ma mutumin Bungudu yaransa na taka mani ƙasa." Labbo yana nan tsaye kusa da shi ya ce, "Hwaɗa mashi ƙasar da ya kwaɓa ba ta kwana ba, shi ya sa take bin ƙafa." Ran da Hakimi ya leƙo ya shafa gefen Labbo ya ce madalla, na ga fuskar Mu'azu ta canza, ko abincin rana bai ci ba. Da safe na tarar ya sa an kankare nasa gefen an sake shafewa. Shi ma Labbo, duk sanda wani ya wuce ya ce "Ranka shi daɗe, Sarkin Magina," sai ya ƙara ƙarfin bugun ƙasa kamar da ita yake faɗa.

Bakan gizo a hankali ake ɗaga shi. A jera azara, a ɗaure da igiya, a shafe da ƙasa, a bari ya bushe, sannan a ƙara wani hawa, har ƙafafun su sunkuyo su haɗu. Dole awon ya zama ɗaya. Na roƙe su su yi awo tare, kowa ya ce awonsa a idonsa yake. Da aka kusa tsakiya, sai ga na Labbo ya ɗara na Mu'azu tsawo da kusan kamu guda. Ba yadda za su haɗu.

Mu'azu ya ce Labbo ya rage nasa. Labbo ya ce, "Na sunkuya mashi sau ɗaya na bar gari. Ba ni ƙarawa." Aiki ya tsaya cak. Na yi lallashi, na yi barazana, na kai ƙara wurin Hakimi, ya ce a ba su lokaci su huce. Kullum ina duban gabas, hadari yana ƙara haɗuwa.

Wata rana bayan la'asar iska ta taso, ta yaye tamfol ɗin da muka ɗaura a sama, ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ɗakin ba shi da mafitar ruwa, don ba a gina shi don ya zauna a buɗe ba. Kafin mu kwashe da bokiti da ƙwarya, ruwa ya kai idon sawu. Da muka ɗaga zana, sai muka ga kabarin tsakiya, na wanda ya kafa garin, ya lotsa ta gefen kai.

Hakimi ya shigo ba takalmi, rigarsa tana jan laka. Ya daɗe a tsaye yana duban kabarin. Su biyun suna gefe, jiƙe sharkaf, kowa ya sunkuyar da kai.

"Wanga bawan Allah," in ji Hakimi, "shi ya ba kakanninku wurin zama. Yau kun bar shi cikin ruwa don kowa na son a ce shi ne. To, ba wanda za shi rage ma wani. Ku rushe duka biyun har inda sunka daidaita. Igiya ɗaya za a auna da ita, kuma Malam Sani ka riƙe ta."

Haka aka yi. Liman ya zo aka gyara kabarin aka yi addu'a. Aka rushe hawan sama na kowane ɓangare, aka sake ɗagawa da awo ɗaya, muna aiki tsakanin ruwa da ruwa har aka rufe. Ni kuwa Darakta ya wanke ni tas a gaban ma'aikata, tabbatar da ni a aiki ma sai da ya ja har shekara ta zagayo.

Kada ku zaci sun shirya. Ranar da aka buɗe ɗakin, Hakimi ya ba kowannensu babbar riga, launi ɗaya, aiki ɗaya. Ana cikin addu'a na hango Mu'azu ya miƙa hannu a hankali ya murza gefen rigar Labbo tsakanin yatsunsa, yana son ya ji ko yadinsu ɗaya. Labbo ya ji shi sarai, bai waiwaya ba, sai ya ƙara baza rigar.

Abin da na koya shi ne, tsohon gini ba na waɗanda ke kwance a ciki ba ne kaɗai. Akwai rayayyu da suke ganin nasu ne, kuma kishinsu a kansa ya fi na magada zafi. Tun daga lokacin, duk inda aka tura ni, kafin in dubi tsagewar bango sai na zauna da tsofaffin garin na tambayi wa ya gina, wa ya koya a hannun wa, wa kuma ya bar gari da fushi. Sai na ji wannan sannan in ce a ɗaga azara ko ɗaya.