Kwantenar Da Babu Haske A Cikinta

Wata rana, ana saura 'yan makonni damina ta sauka, wata mata mai suna Hajiya Kubura ta shiga wani filin sayar da kwantena a bakin hanyar Zariya, a Kano.

Zoɓo ne ya kai ta. Matan ƙauyensu sun noma shi, sun shanya, sun ɗura a buhu, suka damƙa mata amana ta ajiye musu har mai saye ya zo bayan damina.

Shi kuwa busasshen zoɓo ba ya shiri da laima. Ɗigon ruwa kaɗan ya ishe shi ya yi baƙi ya yi funfuna, wahalar shekara ta tashi a banza.

Hajiya fa mace ce mai son abu mai kyau. Ko kwanon miya za ta saya sai ta juya shi sau uku. Tana shiga idonta ya faɗa kan wata shuɗiyar kwantena, fenti sai ƙyalli yake yi. Nan take ta ce ita ce.

Mai filin, Baba Sallau, tsohon mai walda ne, duk hannunsa tabon wuta. Ya tambaye ta me za ta zuba a ciki, ta faɗa masa.

Sai ya ce, "Hajiya, kwantena aji-aji ce. Akwai wadda sau ɗaya ta hau teku, kusan sabuwa ce. Akwai tsohuwar da har yanzu jirgi zai yarda ya ɗauka, wannan sai an duba ta an ba ta shaida. Ke ba teku za ki ba, wadda iska da ruwa ba sa shiga kike nema. Sauran kuma, yadda ka gan su haka ka saye su, babu mai rantse maka."

Hajiya ta ji, amma ranta na kan shuɗiyar.

Bai yi mata gardama ba. Ya ce ta shiga ita kaɗai, shi zai rufe ƙofa daga waje na ɗan lokaci.

Rana tsaka ce. Ana rufewa ta ɗaga kai. Rufin kamar rariya, haske na tsiyayowa ta ƙananan huji ko'ina, har ta gefen ƙofar inda robar ta cinye.

Ya buɗe, ta fito.

Ya ja ta can ƙarshen fili, wurin wata ja da ta koɗe, gefenta a lotse, ga facin walda ɓaro-ɓaro. Wallahi da a hanya Hajiya ta gan ta, ko kallo ba za ta ishe ta ba.

Ta shiga. Ya rufe.

Ya ɗaga murya daga waje ya ce, "Hajiya, me kike gani?"

Ta ce, "Baba, ban ga komai ba. Ko tafin hannuna."

Ya ce, "To ita ce taki. Inda haske bai samu hanya ba, ruwa ma ba zai samu ba."

Abin da ya fi burge ni ke nan: duka biyun nasa ne, kuma shuɗiyar ta fi tsada. Da ya ja bakinsa ya yi shiru, babu wanda zai ce ya yi ƙarya. Har da ƙarin shawara ya ba ta, ta jera buhunan a kan katako, kada su jingina da bango, domin ƙarfe yana gumi.

Jar Hajiya ta saya, ta jera zoɓon a ciki. A damanar nan an sha ruwa kamar ba gobe. Duk sanda hadari ya haɗu, Hajiya sai ta kasa cin abinci.

Da kaka ta yi, matan suka zo aka buɗe a gabansu. Babbarsu, Inna Talle, ta kwance buhun farko, ta cusa hannu har gwiwar hannu, ta damƙo zoɓo ta murza.

Ya yi ƙaras-ƙaras, jawur da shi.

Hajiya Kubura ta zauna a bakin ƙofar ta fashe da kukan daɗi.

Darasi: Kafin ka ba wani abu amanarka, shiga cikinsa ka duba, kada ka tsaya a fenti. In kuma Allah ya haɗa ka da mai sana'ar da zai nuna maka aibin kayansa da hannunsa, ka riƙe shi, irinsu ba su da yawa.

Tura wa wanda ka san yana shirin sayen kwantena, tun ruwa bai sauko ba.